Gonar Sabo

Asabar, 26 ga Yuli, 2025

An rufe makaranta jiya, yau na baro Birnin Kudu. Mota zuwa Gwaram, acaɓa zuwa ƙauyenmu. Inna ta rame. Na leƙa gonar ƙanena Sabo, ciyawa ta fi gero tsayi. Wata goma sha ɗaya ke nan da sojoji suka kawo mana jakarsa da tuta a ninke. Gawar tana can Borno. Inna ta sa tutar a ƙasan akwati, ta ce ba ta son ganinta. Ni ma.

Litinin, 28 ga Yuli

Malam Iliyasu ya yi sallama. Shi ne mai Islamiyya, shi ke kiran gayyar dogon hutu, lokacin da ɗalibai da ma'aikata suka dawo gida. Tun ina yarinya ranar Lahadi ake yin ta. Muna coci muna jin gangar noma daga nesa, kuma ba ta taɓa biyowa ta gonakinmu ba. Gida bakwai ne mu Kirista a garin nan, ba a rasa sanin inda muke ba.

Wai bana an mayar da ita Asabar, kuma da gonar Sabo za a fara. Inna ta yi ta godiya.

Me ya sa sai bana? Gonar Malam ce ke iyaka da tamu ta gabas. Yau a nome maka, gobe a ce ai da guminmu a ciki.

Laraba, 30 ga Yuli

Na kafa turaku shida a kan iyaka. Inna ta ce, "Rifkatu, ki ji tsoron Allah." Ina jin tsoronSa. Mutane ne ban yarda da su ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Ko dai wani ɗan siyasa ne zai zo a ɗauki hoto da mu?

Asabar, 2 ga Agusta

Sun zo, sun kai arba'in. Mazanmu na coci tara suka shiga cikinsu, da farko a gefe guda, kafin hantsi layin ya cakuɗe.

Bara'atu, matar Malam, ta shigo madafa da muciyarta. Na ɗauka ta zo ganin abin da zan zuba a tukunya ne. Na gaya mata kai tsaye cewa babu nama a miyar, kuka ce da daddawa, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ta ce ita tuƙi ya kawo ta, mace ɗaya ba ta tuƙa tuwon mutum arba'in. Ta karɓi ludayina ta ɗanɗana, ta ce gishiri bai ji ba. Gaskiyarta ce, kuma abin ya ba ni haushi.

Da muka kai abinci gona na hango Malam Iliyasu yana tumɓuke turkena. Na dire kwano na nufe shi, ban ko gaishe shi ba. Ya taka cikin gonarsa, ya kafa turken a can.

"Malama, iyakar a nan take. Kin cuci kanki da kunya biyu."

Duk da haka sai da na tambaye shi me ya sa sai bana. Ya daɗe yana goge fartanya. Ya ce da Sabo ya tafi Borno, bai tambayi addinin waɗanda yake tsarewa ba. "Mu ne muka makara."

Sun cinye tuwon tas. Ba wanda ya ɗauki hoto.

Lahadi, 3 ga Agusta

Fasto ya yi wa'azi a kan kishin ƙasa, wai daga maƙwabci yake farawa. Sauƙin faɗa. Ƙasar da ta karɓi ƙanena ta maido mana ƙyalle. Na yi addu'a Ubangiji Yesu Ya nuna mini in da wata manufa a ƙasa. Har yanzu ina jin akwai.

Asabar, 16 ga Agusta

Gayya a gonar Malam. Na je taya Bara'atu tuƙi, don kada a ce mun ci mun goge baki. Na kasa kunne ko zan ji wata magana a kan gonarmu. Hirar tsadar taki kawai aka yi.

Asabar, 6 ga Satumba

Gobe bayan sujada zan koma, Litinin za a buɗe makaranta. Gero ya fitar da kai, Inna ba za ta iya zirga-zirgar gona ba. Na biya gidan Malam Iliyasu na roƙe shi ya riƙa duba mana ita har girbi. Ya ce to.

Ba wani abu ba ne. Shi ya fi kusa, shi ke nan.