Man da Yake Tashi daga Jarkoki

Maigida,

Salamu alaikum. Allah ya sa sanyi ya riske ka inda kake kwance. Na san ba karantawa za ka yi ba, ko da ranka ma ba ka cika tsayawa jin doguwar magana ba. Amma yau sai na faɗa.

Inna tana nan, idon ne dai ya ƙara lalacewa. Geron gonar Tsauni ya yi. An sake rufin ɗakin da kake ajiye man fetur, ƙasan ne ya gagare mu. Jarkokin sun narke a wutar, suka malala, suka daskare baƙi ƙirin. Na kankare da fartanya har na gaji.

Ka tuna faɗan da kake yi wa yara wai suna satar maka mai? Ka cika kwalabe da safe ka jera bakin hanya, la'asar ta yi ka ga sun ragu. Ba su taɓa ɗiba ba. Maƙwabcinmu Malam Isufu, mai koyarwa a kwalej, shi ya fahimtar da ni bayan an watse daga zaman makoki. Ya ce fetur in ya ji zafi tururi yake zama, irin wanda ido ba ya gani. Ya ce ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya riƙa rarrafe, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa.

Kai kuwa in bazara ta kumbura jarkoki, sai ka sassauta murafen wai su sha iska, ka ja ƙofa ka kulle saboda ɓarayi. Haka duk abokan sana'arka na tasha suke yi. Ran nan bayan azahar ka ajiye kaskon shayinka da garwashi a bakin ƙofar, ka buɗe. Ina bayan gida ina shanya na ji ƙarar. Ko ɗigo ɗaya bai zuba ba, Maigida. Yaya za a yi mutum ya guje wa abin da ba ya gani?

Ban taɓa gaya maka ba, warin nan da nake yi maka tsiya a kai, da shi nake gane ka shigo gida, hankalina ya kwanta. Kuma ina jin haushinka har yanzu, Allah ya yafe mini. Sau nawa na ce ka kai kayan nan rumfa?

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ɗanka Habu ya dawo daga cirani a Kano hannu wofi. Ya girma, har gemu ya tsiro, taurin kai kuma naka ne sak. Shekaranjiya ya shigo da jarkoki a bayan babur, ya sa su a ɗakin nan naka. Na yi kuka, na yi faɗa, na turo masa Malam Isufu da kawunsa na Kance. Ya ce ya ji, ba zai sassauta murfi ba, amma me za mu ci? Da kai ne, da me za ka ce masa?

Tun da ya shigo da su ban sake hura wuta a gidan nan ba. A gidan maƙwabciyarmu Hajiya Rabi nake girki, in ɗauko tukunya a kai. Ashana ma na ɓoye. Tsoro nake ji, kuma zafi bai ma fara ba tukuna.

Sai mun zo. Allah ya jiƙanka, ya sa kada ɗanka ya riga ni zuwa.

Matarka,
Hadiza, Matameye