Ba a Dashe a Ruwan Farko

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa, a makwancinki.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa, ina fatan Allah ya sanyaya miki ƙasar da kike ciki. Bayan haka, Inna, ga labarin ɗanki Sule.

Kin san a aji uku na bar sakandare, ba kawu, ba ubangida. Shekarar da aka sami 'yancin kai na fara renon itace a gwangwanayen madara, a bayan ɗakinki a Dawaki. Yau rabin dogon yaron da ake sha wa inuwa a Herwagana hannuna ne. Ni na tsayar da kwarin zaizayar ƙasa da ke cin gidajen unguwarmu, da ciyawa da itace kawai, masu takarda suna can suna aune-aune. Na gina gida, na sayi a-kori-kura, na sauke farali. Wanda ya ce shi ya ɗora ni, ya fito.

Aikina sanin lokaci ne. Da rani ake haƙa ramuka, a zuba taki ya ruɓe. Da bazara a yi renon iri a inuwa. Dashe kuwa sai marka, sa'ad da sama ke kwana uku ba ta ɗauke ba, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da kaka a kewaye da ƙaya saboda awaki. Wanda ya tsallake ɗaya, rairayin Gombe zai cinye masa wahalarsa.

To, Inna, bayan rasuwarki kuɗin fetur ya ɓarke, kowa ya zama ɗan kwangila. Wani daga cikinsu ya gina masaukin baƙi a Pantami, ya ba ni lambun. Shekara uku ina renon mangwaro arba'in a bayan ginin. Sai ya ɗauko ɗan ƙanensa mai takardar ƙasar waje, wai Injiniya, ya ɗora a kaina.

An sa ranar buɗewa a tsakiyar bazara. Ran Talata aka yi ruwan farko, irin wanda ke jiƙa fuskar ƙasa ya ɓace wata guda. Injiniya ya ji ƙamshin ƙasa, ya ce damina ta sauka, a tumɓuke itatuwan a jera su a gaban gini saboda manyan baƙi. Na hana. Na ce ya tona da yatsa ya gani. Bai tona ba.

Washegari na je ruga ɗaukar taki. Na dawo da azahar na tarar da su duka arba'in a kwance, an datse saiwoyinsu da gatari, rana tana gasa su.

Ba zan ce miki shaiɗan ne ba. Ni ne. Na zare ƙotar diga na sauke wa Injiniya a kafaɗa, na ji ƙashin ya ce ƙas kamar busasshen kara. Ya faɗi, na ƙara masa a hannun nan da yake nuna mini aiki da shi. Leburorinsa shida suka rufe ni da shebur da bulo. Haƙora uku na tofar a ramin da na haƙa da hannuna. Idona na hagu har yau bai buɗe ba. Wallahi da ba su fi ƙarfina ba, da na dasa shi a ramin nan, na ga ko zai yi toho.

Kin san abin da suka yi ranar buɗewa? Rassan dogon yaro suka saro, suka kakkafa a ramuka, ba saiwa ko ɗaya. Baƙi suka yi tafi. Aka kafa allo da sunan Injiniya, wai shi ya tsara lambu. Kwana uku ganyen ya zube.

Jibi za mu shiga kotu. A takardar ƙara an rubuta ni "wani lebura". Dattawa sun shiga tsakani. Sun ce in durƙusa, in amsa cewa ni lebura ne da ya yi wa maigidansa tsaurin ido, sai a janye ƙarar. Idan na ƙi, gidan yari ne, marka kuma ta wuce ina ciki.

Na san abin da za ki ce, Innata. Munyal, Sule, haƙuri.

Kin tuna ina ƙarami na kwashe gyaɗar irinki na shuka bayan ruwan farko, ta ƙone duka? Ba ki doke ni ba. Kika kama yatsana kika cusa a ƙasa har ya taɓo busasshe, kika ce, "Gaisuwa sama ta zo yi, ba zama ba." Na cika baki cewa ba wanda ya koya mini komai. Wannan kam ke ce.

Ki yafe mini, ba zan durƙusa ba. Dukan da na yi, zan amsa shi a gaban alƙali ina tsaye. Allah ya jiƙanki, ya ba ki lambun da ganyensa ba ya zubewa, ya ba ni zuciyar da ta fi wannan sanyi, ya warkar da kafaɗar wancan ma.

Amma kafin a yanke mini ko kwana ɗaya, magatakarda ya ɗauki alƙalami ya soke kalmar nan. Ya rubuta sunana da sana'ata, baƙi bayan baƙi, kamar yadda na sa a nan.

Ɗanki,
Alhaji Sule Dawaki, mai tsara lambu.