Ƙwayar Wanke Tsatsa

Yaya Kamilu,

Na wuce Toranke wajen bikin sunan jaririn Baiwa, mota ba za ta jira ka dawo daga gona ba.

Da hantsi wani mutum ya zo a kan mashin, sanye da farar riga kamar likita. Ya sa Baba ya riƙe wani ɗan ƙarfe da ke haɗe da kwamfuta, wai ta nuna jininsa ya yi tsatsa, shi ya sa gwiwarsa take kumbura. Ya ba shi kwalbar ƙwayoyi masu wanke tsatsar.

Na ce ni ma a gwada ni. Wallahi abin da ta nuna wa ɗan shekara saba'in shi ta nuna mini, ni da ko ciwon ƙafa ba na yi. Da na tambayi inda shagonsa yake, sai ya ce sauri yake yi.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali, ya ce Baba ya ajiye maganin hawan jininsa, wai ba a haɗa su. Baba kuwa ya yarda, don mutumin har ƙasa ya durƙusa ya gaishe shi.

Na ɓoye kwalbar a buhun gero na bayan ƙofa. Ka kai ta asibitin Gaya su duba, amma kar ka fita sai ka ga ya haɗiye na hawan jinin da idonka.

In ya neme ta, ka ce ni na ɗauke. Gara ya yi mini faɗa yana tsaye da ƙafarsa.

Sa'adiya