Kwamfutar Ɗakin Baba

Yaya Lauya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Baba da sauƙi, sai dai mantuwar nan ba ta sake shi ba. Jiya da sunan ƙanensa ya kira ni.

Kin tuna tsohuwar kwamfutarsa, wadda Mama, Allah ya jiƙanta, take rufewa da zanen gado? Na kunna ta, ta tashi da gurnaninta kamar da. Kamfanin imel ya turo gargaɗi a wayar Baba, wai akwatin da aka daɗe ba a shiga ba za su goge shi. Duk saƙonnin da suka yi da Mama lokacin da ta tafi karatu suna ciki, har da hotunanmu. Baba kuwa ya manta kalmar sirri.

Ni wannan ba komai ba ne a wurina, aikina ke nan a shagon gyaran kwamfuta. Manhajar da ke tuƙa kwamfutar ta tsufa, masu ita sun daina toshe mata ɓaraka. Kafin shayi ya huce zan shiga na zaro kalmar. Ki ce "to" kawai, ke ce babba.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Ban ce "to" ba. Baba yana raye, akwatin nasa ne. A doka, shiga imel ɗin mutum ba da yardarsa ba laifi ne, ko da kai ɗansa ne. Don ƙofa ta ruɓe ba ta zama taka ba.

Ka ma ajiye doka. Kai ƙarami ne lokacin, amma ni na tuna. Da yamma zai cire wayar tarho ya jona wa kwamfutar, na'urar ta yi ta ƙugi, mu yi cirko-cirko a bayansa. Da saƙon Mama ya fito sai ya ce, "Ku juya baya, na karanta nawa tukuna." Sai ya gama murmushinsa yake karanta mana namu. Wannan mutumin za ka shiga wa ta taga?

Ka tambaye shi ranar da ka ga hankalinsa yana kusa.

Yayarka

Yaya,

Barka da war haka. Kin ce taga. To tagar nan a buɗe take ga kowane ɓarawon intanet, shi kuma ba ya karanta dokarku. Ni kaɗai take ɗaurewa, don ina jin maganarki. Amma na bi. Na toshe abin da zan iya, na jira.

Ranar Talata ya tashi garau. Na kai shi ɗakin na zaunar da shi, na ce, "Baba, kana so a buɗe saƙonninka?"

Ya harare ni. "A buɗe? Ni ba ni da hannu ne?"

Na ce ai kalmar ce ta ɓace. Bai kula ni ba. Ya ɗora yatsu biyun nan nasa, ya buga, akwatin ya buɗe. Na kau da kai, ban ga abin da ya buga ba.

Ya ce, "Ja min ƙofa." Na fita. Daga falo ina jin dariyarsa, irin wadda rabonmu da ita tun Mama tana nan.

Ga inda abin ya tsaya min. Ya rubuta mata saƙo. Kullum da safe yanzu sai ya ce, "Duba min, uwarku ta amsa?" In na ce a'a, sai ya ce ƙila jarrabawa ce ta riƙe ta. Jiya ko shayi bai sha ba.

Akwatin Mama yana nan, a wannan kwamfutar take shiga. Zan iya buɗe shi. Layi biyu kawai, "Ina lafiya, ka ci abinci." Na san yadda take magana. Kada ki kawo min doka, ki gaya min wa zai cutu.

Auta

Auta na,

Na karanta takardarka a ofis, sai da na rufe ƙofa na yi kuka. Ba ni da sashen doka da zan kawo maka. Ni ma na zauna na tsara abin da za ta ce masa, har da yadda take kiransa.

Amma in ta amsa yau, gobe zai tambaye ta yaushe za ta dawo. Me za ka rubuta?

Kada ka taɓa akwatinta. Na ɗauki hutu, ina hanya ranar Asabar da yara. In ya tambaya kafin na iso, ka ce masa babbar 'yarsa tana tafe, ita za ta zauna da shi su jira tare.

Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe min da shi.

Yayarka