Sunanka a Bakin Inna Ranar Zuba Ruwa

Zuwa ga ƙanena Sai Awn,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, sanyin Koriya bai daskarar maka da hannun rubutu ba. Kullum muna roƙa maka lafiya a gaban Buddha. Mu ma lafiya lau, sai gwiwar Inna, ni kuma ina nan kasuwar safe da daddawar wakena.

Kujerar tausa ta iso, madalla da ɗa nagari! Duk garinmu Mae Hong Son ba mai irinta. Inna ta hau sau ɗaya, ta ce hannun ba naka ba ne. Yanzu tafarnuwa muke shanyawa a kai, kuma tana bushewa da kyau.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da malaman addinin Buddha suka gama zaman ibadarsu na damina, na kai Inna tsofaffin haikalan nan biyu na bakin tafki. Hazo bai tashi ba, hoton rufin katakon nan hawa-hawa yana kwance cikin ruwa kamar yadda ka bar shi. Kifayen da kake sato wa shinkafar sadaka sun yi ƙiba, sun fi ka tumbi. A matakala Inna ta tsaya inda kake ajiye takalmi, ta matsar da nata gefe, wai kada ta tare maka wuri.

Muka miƙa wa malaman abinci, aka zo zuba ruwa don aika lada ga mamata. Tana tsiyayawa a ƙwarya tana kiran sunaye: Baba, Kaka, yayarta. Sai na ji ta kira sunanka, Sai Awn. Na mintsine ta, na raɗa mata cewa kana raye, har mota ka saya. Ko kallona ba ta yi ba, ruwan bai yanke ba. Goggo Nang Mo ta ce tsufa ne, in ƙyale ta. Na so in yarda.

Da muka fito juye ruwan a gindin bishiya, Inna ta ce in daina mata kallon mai ruɗewa, ita ta haife ka, ta san kana numfashi. Wai dai Baba, shekara shida a mace, yana leƙo ta a mafarki duk wata, kai kuwa shekara tara da tafiyarka ko a mafarkin ba ka zuwa, to wa ya fi bukatar ladan?

Na karɓi ƙwaryar na juye ruwan. Ni ma ina kewarka, ɗan banza.

Goggo Nang Mo tana gaishe ka, da mijina Sai Leng. Ka gai da matarka da ba mu taɓa gani ba.

Watan gobe za mu koma haikali. In ta kai kan sunanka, in sake mintsininta, ko in riƙe mata ƙwaryar?

Yayarka,
Nang Seng Hom