Dokin da Bawa ya kushe

Zuwa ga ƙanena Umaru, a Agadas.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina lahiyarka da ta iyali? Yaya ƙafar matarka Hassi? Mu nan Ƙofar Taramniya sai godiya.

Bayan haka, tun da Nasara suka hana yaƙi, gidajen manya suke ta sakin dawakinsu. Wani dattijo a Dundaye ya fito da akawali, baƙin doki ɗan Azbin, wuya kamar na barewa. Ka san ba a zuwa ciniki sai da mai kushewa, don mai doki ya sassauto. Na ɗauki Bawa, surukinka.

Umaru, Bawa ya iya kushe! Ya buɗe baki ya ce haƙora sun tsufa. Ya ɗaga kofato ya girgiza kai, ya ce, “Yaya, wanga ko jaki ya hi shi.” Ya yi ta yi har ni da na kawo shi na yarda, na dawo gida.

Ranar Juma'a sai ga Bawa bisa akawalin a ƙofar gidana, wai tausayin dattijon ya ji, ya saya. Yanzu kullum ta nan yake bi, alhali ba hanyarsa ba ce, yana gaishe ni daga sama.

Ka nemo mani dokin da ya fi shi, ko da gonata ta fadama za ta tafi. Kada Hassi ta ji, 'yar'uwarsa ce. Ka gaida Malam Ɗahiru, ku roƙa mani Allah Ya cire mani wannan ƙyashi, amma sai dokin ya iso.

Wanka,
Abdu