Wufa Biyu Don Baban Sarah

Litinin, 7 ga Yuli
Likita ya gama magana. Kunnen dama ya tafi, na hagu yana bin sahu. Maigidana Baban Sarah, mutumin da ya tsufa yana koyar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a coci, wai shi ne ba zai ƙara jin waƙa ba. Muna dawowa Samaru ya kulle ɗakin sauraronsa, ɗakin da ko fasto ba ya shiga da takalmi, ya miƙo min makulli. Wai in mai da shi sito. Na ce sai dai bayan raina.

Laraba, 9 ga Yuli
Bai taɓa tuwo ba. Ya zauna ya zuba wa bango ido. Ni kuma komai sai na ɗaga murya, kamar mai kiran awaki. Ya Yesu, kada mutumin nan ya mutu a zaune.

Asabar, 12 ga Yuli
Sabon Gari, shagon Ikechukwu mai kayan sauti. Na ce ya ba ni sifikar da ta fi kowace ƙara. Da ya ji labarin sai ya ce wufa nake nema, mai fitar da sautin ƙasa, irin dukan ganga a ƙirji. Kuma biyu, don ɗaya takan tara sautin a lungu guda ta bar mai kujera ba komai. Iri biyu ya nuna min: masu rami a gaba, sun fi ruri, da rufaffu, sautinsu a ɗaure. Ya ce, "Madam, oga mawaƙi ne, ba ɗan fati ba. Ki ɗauki rufaffun." Na ce shi ya san kunnen mijina ko ni? Na kwaso masu ruri. Ai dole ƙarar ta fasa kunnen nan ta shiga.

Lahadi, 13 ga Yuli
Na jawo Baban Sarah ɗakin da ƙyar, na murɗa ƙarar har ƙarshe. Tagogi suka hau rawa, maƙwabciyata Funmilayo ta shigo ba ɗankwali. Shi kuwa ya miƙe, ya ce wannan ba waƙa ba ce, injin niƙa ne. Ya fita. Na yi kuka har da majina. Ni na ƙara masa.

Talata, 15 ga Yuli
Na koma da kunyata. Ikechukwu ya canza min da rufaffun. Ya ce in ajiye su dama da hagu, dab da kujera, kuma in rage hannu wajen murɗawa.

Alhamis, 17 ga Yuli
Baban Sarah ya ƙi shiga ɗakin. Makulli har yanzu yana haɓar zanena.

Asabar, 19 ga Yuli
Ina sharar ɗakin, na sa tsohon faifan kwayarsa a hankali, don kaina kawai. Sai ga shi bakin ƙofa yana cire takalmi. Ya zauna, ya jingina tafin ƙafa da akwatin wufa ɗaya, ya ɗora hannu kan ɗayan. Can na ga yatsansa yana ba da bugu, daidai inda muryoyin maza ke shigowa.
Ya ce, "Scholastica, ina ji."
Saura kaɗan in tambaya, da kunne ko da jiki? Na haɗiye. Ji dai ji ne.
Da tuwo ya nuna ban ƙwala masa kira ba, kafaɗarsa na taɓa. Ya yi ƙari. Makullin ma ya karɓe abinsa.